Ɓawon Rumman da Wayar Jan Ƙarfe

Kwalba ta huɗu ce a hannunta. Ta kaɗa ta sau uku a hankali kamar mai jijjiga jariri, ta zare murfin, ta lumshe ido, ta shaƙa: gajeren numfashi biyu, dogo ɗaya. Ta mayar da murfin, ta rubuta "lafiya" a littafinta mai baƙin bango. Sannan ta cusa hanci a hannun farar rigarta ta shaƙi wankakken yadi, don ta share abin da ya wuce kafin ta tari na gaba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana buɗe safiyarta da haka, a ɗakin gwaji na wani kamfanin man girki. Ɗakin ba shi da faɗi. Tebur biyu ne na farin dutse, da famfo mai ɗiga ba ya gajiya, da tanderun lantarki a kusurwa yana gunaguni shi kaɗai. Taga ɗaya ce, ita ma an liƙe ta da baƙar takarda, domin rana ba ta da izinin leƙa inda mai yake kwance. Sunanta na gaskiya yana nan jikin katin da take ratayawa a wuya, amma rubutun ya koɗe, kuma babu wanda ya yi kewarsa. Daga mai gadin ƙofa har direbobin tanka, kowa Hanci yake ce mata. Masu kunya su ce Yaya Hanci.

Hancin kuwa ba wani babba ba ne, ɗan ƙarami ne, har ya ɗan kwanta. A gaban kaskon mahaifiyarta ya yi karatunsa na farko. Mahaifiyar tana suyar kifi a bakin titi, kuma kowace safiya kafin ta hura wuta sai ta miƙo gwangwanin man jiya ta ce, "Zo ki ji min, 'yar nan. Zai kai mu yau?" Yarinya ta shaƙa, ta gyaɗa kai ko ta yamutsa fuska. Ran da ta yamutsa fuska, man ya tashi daga na ci ya koma na shafa wa ƙyaure don ya daina kuka. Da ta girma ta yi karatun sinadarai, malamai suka gaya mata sunayen abubuwan da hancinta ya daɗe yana gaisawa da su.

Saboda hancin nan ta yi sallama da turare. Ko ranar hutu ba ta shafawa, wai yana maƙalewa a gashi da tufafi ya biyo ta aiki. Sabulunta ma marar ƙamshi ne, kamar na marar lafiya.

Duk wanda ya zauna kusa da ita na minti biyar sai ya ji huɗubarta. Mai, in ji ta, abu ne mai rai, yana tsufa kamar kowa. Iska ce ɓarauniyar da ke sace masa kuruciya. Zafi da haske su ke riƙe mata tsani. Jan ƙarfe kuwa shi ne munafukin cikin gida, ɗan ƙanƙanin abu daga gare shi ya isa ya zare mata sakata. In ta shiga, sai mai ya juya: warin tsohon fenti a hanci, maƙaƙi a maƙogwaro. Maganin shi ne wani abu da ake sa wa man kaɗan, wanda zai tare iskar a bakin ƙofa ya yi ta janta da surutu, ta cinye shi tukuna kafin ta kai ga man. A ɗakin gwaji garkuwa suke ce masa. Garkuwar da kamfanin ke amfani da ita wata farar hoda ce da ake sayowa daga nesa, tana aikinta ba laifi, sai dai wani lokaci ta makara a hanya, tankuna su zauna jiranta.

Shekara shida da suka wuce, Hanci na hanyar komawa gida ta wuce bayan masana'antar lemon kwalba da ke maƙwabtaka da su, ta ga tulin ɓawon rumman da aka matse aka watsar. Ta lura ɓawon yana bushewa da mutuncinsa, ba ya saurin ruɓewa kamar sauran. Ta tuna ta taɓa karanta cewa wasu sun gwada shi a matsayin garkuwa. Ta cika leda ta kai ɗakin gwaji. Tun daga ranar take shanya ɓawo, ta niƙa, ta jiƙa a ruwan sinadari, ta tace, ta ƙafar da ruwan har ya bar wani abu mai kauri, launin zuma. Na farko ya mayar da man kamar shayi. Na biyu ya ƙi narkewa, ya kwanta a ƙasan kwalba yana fushi. Na uku kuwa, Dogo ya ɗanɗana, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta.

Dogo shi ne abokin aikinta na shekara ashirin, mutum mai furfura a gemu, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Shi ke da awo. Yakan ɗebi mai kaɗan ya haɗa da ruwan gwaji har ya yi shuɗi, sannan ya yi ta ɗiga wani ruwan ɗigo-ɗigo har shuɗin ya ɓace, ya karanta lamba. Lamba ƙarama, mai yana da sauran kwana. Lamba babba, ya kama hanya. Shi da Hanci ba su taɓa daina musu kan wanda ya fi gaskiya ba, hancinta ko ɗigonsa.

Yanzu garkuwar ɓawon ta daidaita: ba launi, ba ɗaci. Amma lokaci ya matso, domin ƙarshen watan nan Hanci za ta ajiye aiki. Manaja, wadda Hanci ce ta koya mata riƙe kwalba lokacin da ta zo sabuwa, ta yi mata alkawarin gwaji ɗaya na ƙarshe. Kwalba tara za su yi kwana goma sha huɗu a tanderu, inda kwana ɗaya, a lissafinsu, yake kamar wata guda a kan kantar shago. Uku man zalla, uku da farar hoda, uku da garkuwar Hanci. Dogo ne ya ba su lambobi a ɓoye, ya rubuta wace ce wace, ya liƙe a ambulan ya ba Manaja, don kada uwa ta gane 'ya'yanta ta yi musu sassauci. In na Hanci suka kai na hodar, kamfani zai gwada garkuwarta a tanki. In ba su kai ba, littafi mai baƙin bango zai shiga kwali, kwali ya shiga sito, ɓawon rumman ya ci gaba da zama shara.

Yau kwana na huɗu. Ta ɗauki kwalba ta biyar, ta kaɗa, ta shaƙa.

Ba ta buɗe ido ba. Ta sake shaƙa. Can ƙasa, ƙarƙashin ƙamshin man, wani abu ya motsa kamar baƙon da ya iso kafin a share tsakar gida. Ta shida ma haka. Ta bakwai da ta takwas lafiya. Ta tara ta fi su duka baki.

"Dogo, zo ka auna min biyar da shida da tara."

Bai ɗago daga jaridarsa ba. "Yaya, ranar awo sai kwana na bakwai. Ke kika rubuta dokar da hannunki."

"Sun juya."

"A kwana huɗu? Ko man zalla ai yakan kai shida. Mura ce ke neman kama ki, tsufa ya zo ta hanci."

"Tsufa ya zo ta gemunka tun bara ban yi magana ba. Tashi, dogon banza."

Ya tashi yana dariya, ya ɗauki kwalba ta biyar ya shaƙa da ƙarfi kamar mai shan miya, ya ce shi bai ji komai ba. Amma ya haɗa ruwansa. Ya ɗiga, ya ɗiga, shuɗin ya ƙi tafiya. Da ya tafi daga ƙarshe, Dogo ya dubi lambar, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Dariyar ta bar fuskarsa.

Hanci ba ta buƙatar ambulan. Man zalla ta san ranarsa, farar hoda ta san halinta shekara da shekaru. Abin da zai ba ta mamaki a ɗakin nan guda ɗaya ne, nata. Garkuwar da ta raina shekara shida ba tsare ƙofa kawai ta kasa yi ba, ita ce ta jawo ɓarauniyar ciki da hannunta.

Manaja ta farke ambulan a ofishinta, ta karanta lambobin kwalaben Hanci. Biyar, shida, tara.

"Mama, ko mu haƙura? Kin yi iya yinki, wallahi. Shugabannin kamfani ba sa karanta hanci, lamba suke karantawa."

"Sau goma sha ɗaya na gwada shi a ƙananan kwalabe bai taɓa yi min haka ba. Wani abu ne ya shiga ciki. Kwana nawa ya rage min?"

Manaja ta dubi kalanda. "Goma sha bakwai."

"Yau in nemo ɓarawon. Gobe da jibi in haɗa sabo. Sha huɗu a tanderu. Ya cika cif, ranar da zan miƙa makulli. Da na jira awon Dogo, da shi ke nan."

"Kin ji ko? Ko a cikin masifa sai ta taka ni," in ji Dogo daga bakin ƙofa.

Manaja ta yi murmushi duk da ba ta so. "Ki kawo min dalili kafin a tashi aiki, Mama. Dalilin da zan iya riƙewa a hannu."

Suka kwashe yinin suna tuhumar kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Kwalaben an wanke su yadda ya kamata. Man daga tanki ɗaya aka ɗebo duka tara. Ɓawon busasshe ne, yana ƙara in an karya. Injin niƙa, cokali, ma'auni, kowa ya fita da gaskiyarsa. La'asar ta yi, Dogo ya zauna a kan kujera ya miƙe ƙafafunsa har tsakiyar ɗaki, ya ce shi dai ya gama, sai dai in aljani ne.

Idon Hanci ya faɗa kan matacin da ke rataye a ƙusa, ƙaramin mataci na farin ƙarfe marar tsatsa, wanda take tace ruwan ɓawon da shi. Ta sauko da shi ta kai hanci. Ga shi nan, siriri: warin tsohon kwabo a tafin hannu mai gumi. Ta kifa shi, ta sa tsinken allura ta ɗaga leɓen bakinsa. A ƙarƙashi, ɗinki ne ƙanana a jere, kyawawa kamar na tela, da wata waya ja siririya kamar gashi. Nan da can ta yi kore.

"Wa ya yi wannan aikin?" in ji Dogo. "Kai, amma gwani ne!"

Hanci ta zauna a hankali. Ta dafe goshi, kafaɗunta suka fara rawa. Dogo ya ɗauka kuka take, sai ya ji ashe dariya ce.

"Mijina," ta ce.

Mijin nata Mai Rediyo ake ce masa. Shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo a wata 'yar rumfa, har idanunsa suka gaji ya rufe ta, amma hannuwansa ba su ji labarin ritayar ba. Duk abin da ya kwance a gidan, ko bai gama kwancewa ba, sai ya gyara. Makonni biyu da suka wuce ragar matacin ta saki daga bakinsa, ta sa shi a jaka da niyyar nuna wa mai shago ta sayi irinsa. Da safe ta tarar da shi a kan tebur garau. "Na ɗaure miki," ya ce. Tana sauri, ta ce an gode, ta jefa a jaka. Ita da ta shekara talatin tana yi wa mutane huɗuba kan jan ƙarfe ba ta tsaya ta tambaya da me ya ɗaure ba.

Ta kai wa Manaja matacin ta ajiye mata a tafin hannu. "Ga dalili. Riƙe shi da kyau."

Da yamma ta same shi a baranda ya baje cikin wata tsohuwar fanka a kan tabarma.

"Sannu da zuwa, Likita. Yaya marasa lafiyan naki?"

"Uku sun mutu, Malam. Kuma an kama wanda ya kashe su."

Ta miƙa masa matacin a kife. Ya karɓa, fuskarsa ta yi haske.

"A'a, sai yau kika gani? Ɗinki arba'in da biyu ne. Wayar cikin rediyo ce, mai kyau, irin ta da. Har fentin jikinta na kankare tas da takardar yashi, don kada datti ya taɓa miki aiki."

"Ka kankare."

"Sai da ta yi ƙyalli."

"Malam, shekara nawa kana jin ina cewa jan ƙarfe munafuki ne?"

Ya juya matacin a hannunsa. "Ni na ɗauka wani ne a wurin aikinku."

Ta so ta yi fushi, ta neme shi ta rasa. Da ta bayyana masa abin da ya faru da kwanakin da suka rage, sai ya ajiye sukudireba, abin da ba ya yi ko abinci ya iso. Ya ce a hankali, "Shekara shida na ɓata miki da waya taƙi ɗaya?"

"Kwana huɗu ka ɓata. Sauran laifina ne, da ban tambaya ba. Amma daga yau in ka ga jakata, ka gaishe ta daga nesa."

"To fankar nan fa?"

"Fanka taka ce. Ba a soya komai da ita."

Kwana biyu ta yi tana haɗa sabo. Wannan karon da mazurarin gilashi da takardar tacewa ta tace, ruwan yana sauka ɗigo-ɗigo kamar mai jin nauyin rabuwa. Dogo ya cika sababbin kwalabe tara, ya juya mata baya ya ba su lambobi, ya lashi ambulan ya liƙe. Tanderu ya karɓe su ya ci gaba da gunaguninsa.

Kwanakin suka tafi kamar yadda kwanakin ƙarshe ke tafiya, kowanne da ɗan nauyinsa. Ranar hutu ma takan zo, mai gadi ya buɗe mata yana cewa ko kwalaben nono suke sha. Tsakanin shaƙa da shaƙa ta riƙa kwashe kayanta: kofin shayi mai tsagagge baki, hoton jikoki, takalmin roba da ya ɗauki siffar ƙafarta. Ran kwana na shida, ɗaya da huɗu da takwas suka juya, daidai lokacin man zalla. Ta rubuta, hankalinta kwance. Saura shida, uku na hoda, uku nata, kuma ba ta san waɗanne ba ne.

Kwana na goma, lafiya. Sha ɗaya, sha biyu, lafiya. Ran sha uku, a kwalba ta biyu, ta ji inuwar wari, bai iso ba tukuna amma an ji takunsa. Ta uku ma, da ta bakwai. Ta daɗe da alƙalami a sama. Babu wanda zai ji shi a ginin nan sai ita. Ta tuna mahaifiyarta da gwangwanin man jiya, matar da ba ta taɓa cewa a sake shaƙawa ba in an yamutsa fuska. Ta rubuta: "biyu, uku, bakwai sun fara."

Ranar ƙarshe Mai Rediyo ya rako ta har bakin titi, ya cusa mata wani ƙunshi a jaka, ya ɗaga hannuwa sama. "Ban gyara komai ba. Saye na yi. Kada ki buɗe sai an tashi."

Dogo ya yi awonsa Manaja na tsaye a kansa. Yau babu jarida, babu tsokana. Shuɗi ya zo, shuɗi ya tafi, sau tara. Ya jera lambobin a allo: ɗaya, huɗu, takwas sun yi nisa, biyu, uku, bakwai sun taka layin da mai ke fara juyawa, biyar, shida, tara suna ƙasa da layi, da ɗan sarari.

"Hancinki ya riga ni da kwana ɗaya, Yaya," ya ce. "Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba."

Manaja ta farke ambulan. Ta karanta, ta dubi Dogo.

"Kai, lambobin da suka faɗi wancan karon ka sake ba su?"

"Na ce ko su rama," in ji Dogo, yana shafa gemu.

Sai da maganar ta zagaya ɗakin ta dawo sannan Hanci ta gane nata ne. Biyar, shida, tara. Ta dafa teburin farin dutse, sanyinsa ya ratsa tafin hannunta. Ta buɗe baki, huɗubar shekara talatin ta ƙi fitowa, sai ta ce kawai, "To. Madalla."

"Wata mai zuwa za mu sa a ƙaramin tanki," in ji Manaja, idonta ya ciko. "Kuma Mama, ranar da za a buɗe shi, mota za ta zo ɗaukar ki. Ban yarda da ɗigon mutumin nan shi kaɗai ba."

Hanci ta miƙa wa Dogo littafi mai baƙin bango. Ya karɓa da hannu biyu. Matacin kuwa ta mayar da shi kan ƙusarsa, ta ce a bar shi nan, duk sabon ma'aikaci a kifa masa shi ya gani. Ta cire farar riga ta ninke, ta ajiye makulli a kai. Sannan ta tuna ƙunshin. Ta warware takardar: 'yar kwalbar turare ce, mai murfin gilashi. Ta ɗaga ta, hasken fitila ya shiga ciki ya zauna. Yatsunta suka kai kan murfin.

"Yaya!" Dogo ya daka tsawa, ya tare tanderu da dogayen hannuwansa. "Ba a nan ba! Akwai mai a ɗakin nan!"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ƙyalƙyale da dariya. "Ashe kana ji."

Ta rataya jaka, ta damƙe kwalbar a tafin hannu, ta ja ƙofa ta fita.